Jakadan da Ya Ƙi Lasar Gishiri

A shekara ta bakwai ta sarautar Ranau ɗan Bagudu, Sarkin Dunkasa, babu wanda ƙasashen maƙwabta suka yarda da bakinsa kamar Jakada Sila. Dattijo ne siriri, furfurarsa duk ta taru a gemu don sanƙo bai bar mata wuri a ka ba. Ya yi wa Sarki Bagudu jakadanci shekara ashirin, ya ci gaba da yi wa ɗansa. Bai iya zaƙin baki irin na fadawa ba, waɗanda za su rantse maka ana ruwa alhali rana na dukan ƙeyarka. Abin da aka ba shi ya kai, shi yake kaiwa, ba ƙari ba ragi.

Dunkasa tana da wata al'ada tun kaka da kakanni. In Sarki zai ba mutum amana, cewa ya zo lafiya ya koma lafiya, sai a gutsuro kantun gishiri, Sarki ya lasa a gaban majalisa, a sa a jakar fata a ba jakada. In jakada ya isa sai ya faɗi saƙo, sannan shi ma ya lasa a gaban wanda aka aike shi gare shi. Lasar jakada ita ce shaida, ma'anarta: na san cikin sarkina, abin da ke bakinsa shi ne a zuciyarsa. Sai bayan nan mai karɓar saƙo zai lasa. In jakada bai lasa ba, gishirin bai fi wanda ake ba akuya daraja ba.

Sila yana cikin 'yan tsirarun mutanen birni masu bin Almasihu, waɗanda ake kira 'yan gicciye. Wani baƙo ne daga gabas mai nisa, Matiyu, ya zo da ayari a zamanin Bagudu. Ciwo ya kwantar da shi, ayari ya wuce ya bar shi, shi kuma ya zauna ya tsufa a cikinsu yana koya musu. Ba su wuce gida tara ba. In an yi shelar gyaran ganuwa su ne na farko da kwando a ka, kuma duk ranar Lahadi sai sun roƙa wa Sarki lafiya da sunansa. Matiyu yakan ce musu, "Allah ne ya ɗora sarki a karaga. Ku ba shi guminku, ku ba shi hatsinku, in ya nemi wuyanku ma ku miƙa. Amma in ya ce ku yi abin da Allah ya hana, ku durƙusa ku ce a'a, kada ku ɗaga masa ko tsinke."

A wannan shekara abubuwa biyu suka haɗu wa Ranau. Baffansa Nomau, ƙanin mahaifinsa, wanda Ranau ya tuɓe daga sarautar Ɗangaladima saboda tsegumin fada, ya koma Dutsen Kura ya tara maharba. Sannan babban reshen tsamiyar tsafi da ke ƙofar fada ya karye da rana tsaka, ba iska ba hadari. Sarkin Tsafi ya duba ya ce iskoki sun yi fushi, don akwai masu ƙin zuba musu jini a cikin birni. Mai jin tsoro ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Aka cinna wa ɗakin sujadar 'yan gicciye wuta, aka kama mutum goma sha biyu aka jefa a ramin kurkuku, ciki har da tsoho Matiyu da Rifkatu, matar Sila. Shi Sila aka bar shi a waje, ba don tausayi ba, sai don ana bukatar bakinsa.

Washegarin ƙone ɗakin, Sila ya zo fada da sassafe kamar kullum, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna a wurin zamansa. Fadawa suka riƙa satar kallonsa suna neman alamar fushi, ba su samu ba. Baƙin ciki kam yana nan, ya cika masa ciki har abinci ba ya shiga. Amma shi ne ya goyi Ranau a bayansa lokacin da uwarsa ta rasu ta bar shi yana ɗan shekara uku, shi ne yaron yake hawa yana kiransa dokinsa, kuma mutum ba ya tashi rana ɗaya ya ƙi ɗan da ya goya.

Kwana goma bayan haka aka tara majalisa kan batun Nomau. Madawaki ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Maharban dutse ba a bin su gida, doki ba ya hawa inda suke. Amma maciji in an sare kansa, saura igiya. A aika wa Nomau gishirin amana, a ce ya zo a sasanta a mayar masa da sarautarsa. In ya shigo zaure na biyu, dogarai sun san aikinsu."

Sarki ya daɗe yana murza zoben hannunsa, sannan ya ce, "Baffa ba yaro ba ne. Ba zai zo ba."

Madawaki ya ce, "Zai zo, ranka ya daɗe, in Sila ne ya lasa. Ko mayu sun san Sila ba ya ƙarya."

Aka kawo gishiri. Sarki ya lasa, ya miƙa, bai dubi kowa ba. Sila ya taso ya durƙusa a gaban karaga, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Bawanka zai tafi, don Sarki ya ce a tafi. Zan faɗi saƙonka kalma da kalma, a matsayin maganarka. Abin da na ji a wannan zaure kuma ba zai fita daga bakina ba ko za a yanka ni. Amma lasa, ranka ya daɗe, ba zan lasa ba. Na faɗa yanzu a gabanka don kada a ce na ci amanarka a bayan idonka."

Fadawa suka ɗauki guna-guni. Sarkin Tsafi ya ce, "Kun ji ko? Ga tawayen da nake faɗa."

"Ba tawaye ba ne, Sarkin Tsafi. An ƙone mana ɗaki, ban ce uffan ba. Matata tana rami, ga ni a bakin aiki. Wuyana na Sarki ne. Amma in tsaya in ba da shaida a kan abin da na san ba haka yake ba, har a zubar da jinin mutum ta bakina, wannan Wanda ya ba Sarki sarauta ya hana ni."

Ranau ya dube shi a karo na farko tun da aka fara zama. Idonsa ya kaɗa, ka rasa na fushi ne ko na kunya. Ya ce, "Akwai ayarin Madugu a zango, zai tashi arewa ranar kasuwa. Kwana huɗu ke nan. In Baffa bai shigo birnin nan ba kafin ranar, na ba Madugu mutanen da ke rami kyauta, har da matarka. Kai kuma ka san hukuncin jakadan da ya ƙi lasa. Tafi ka yi tunani a hanya."

Sila ya san hukuncin, yanke harshe ne. Amma ba shi ne ya tsaya masa a rai ba lokacin da ya miƙe. Rifkatu tana da ciwon gwiwa shekara da shekaru, daga ɗaki zuwa rijiya ma sai ta huta sau biyu. Macen da ke haka in aka ɗaura mata igiya a bayan raƙumi, ba za ta ga zango na uku ba.

Kafin ya hau doki ya biya ta kurkuku da hantsi, da ɗan kasko na man kaɗanya a hannu. Mai gadi ya zura masa tsani don girmansa. Ya same ta a jingine da bango, ta miƙe ƙafa, sandarta a gefe, tana saƙa faifai da ciyawar shimfiɗa don hannunta bai saba zama haka kawai ba. Ya zauna a gabanta ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya shiga shafa mata man kamar yadda yake yi kowace safiya a gida. Sauran mutanen suka juya baya don su ba su wuri. Sai da ya gama ƙafa ɗaya sannan ya gaya mata komai.

Ta ce, "Maigida, ina jin tsoro. Ba zan ɓoye maka ba. Ban san hamada ba, kuma ka san ƙafar nan."

"Na sani. Shi ya sa na zo. In kin ce in lasa..."

"Kada ka ɗora mini. Shekara talatin da uku ina dafa maka, ban taɓa lasa maka miya na ce ta yi gishiri alhali ba ta yi ba. Yau kuma sai in ce ka yi?" Ta yi ɗan murmushi, hawaye na bin kuncinta. "In ka lasa, Nomau ya mutu, ni na dawo gida. To da wane ido zan riƙa kallonka, kai kuma da wane ido za ka riƙa kallona? Tafi ka yi aikin Sarki. Ka bar mini man nan kawai."

Tsoho Matiyu yana kwance a gefe, numfashi na yi masa wuya. Ya ɗaga hannu ya dafa kan Sila, ya ce, "Ka roƙa wa yaron nan gafara a hanya. Tsoro ne ke cinsa." Ranau yake nufi.

Sila ya isa Dutsen Kura da la'asar ta washegari. Nomau, tsoho kakkaura mai gurguwar yatsa, ya fito da kansa ya tare shi, don tare suka yi yaƙe-yaƙen Bagudu. Aka shimfiɗa buzu a gindin dutse, manyan maharba suka kewaye. Sila ya miƙe tsaye ya ce, "Sarkin Dunkasa, Ranau ɗan Bagudu, yana gaida baffansa. Ya ce ka zo birni a sasanta, a mayar maka da sarautarka, ka zo lafiya ka koma lafiya. Wannan maganar Sarki ce." Ya kwance jakar fata, ya ajiye gishirin a kan faifai tsakaninsu, ya koma ya zauna.

Fuskar Nomau ta washe. Ya ce, "Na san jinin Bagudu ba zai ɓace ba. Lasa, Jakada, in lasa, gobe mu kama hanya."

Sila ya dubi gishirin. Ga shi nan, bai kai girman ƙwan zabuwa ba, kuma tsakaninsa da harshensa bai fi kamu ɗaya ba. A zuci ya ga Rifkatu zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, lasa ɗaya ce kawai tsakaninsa da wannan. Hannunsa har ya motsa. Sai ya mayar da shi ya danne a ƙarƙashin cinyarsa, ya sunkuyar da kai.

Murmushin Nomau ya dushe a hankali. Ya sallami maharba, ya matso kusa ya ce, "Tarko ne?"

"Abin da aka faɗa a zauren sarkina ba na fitar da shi."

"Ka riga ka faɗa, ai." Nomau ya yi ajiyar zuciya. "Na ji abin da ya yi muku. Zauna a nan, Sila. Kai ka san ganuwar nan kamar tafin hannunka, ka san inda damina ta ci. Nuna mini wurin, kafin ranar kasuwa na fito maka da matarka, in gina muku ɗakin da ya fi wanda aka ƙone."

Wannan ta fi ta farko wuya, don babu ƙarya a cikinta. Sila ya san wurin sarai, yamma da ƙofar marina, shi da kansa ya kai rahotonsa fada. Ya ce, "Allah ya ja kwananka, Ɗangaladima. Ban ƙi lasa don na bar Sarki ba. Shi ne sarkina jiya, shi ne yau. Ban ba shi harshena ya kashe ka da shi ba, ba kuwa zan ba ka ka kashe shi da shi ba."

"To komawa za ka yi? Ka san abin da ke jiranka."

"Aike na aka yi. Ɗan aike yana komawa."

Nomau ya girgiza kai, ya sa aka ba dokinsa dawa da ruwa. Ya raka shi har gangare, abin da bai taɓa yi wa jakadan kowa ba.

Sila ya shiga birni ana gobe kasuwa, ya durƙusa ya mayar da gishirin, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba, har da tayin da aka yi masa. Madawaki ya ce wannan shi ne cin amana tsantsa. Ranau ya tashi tsaye, ya ce a kwashe mutanen rami a kai wa Madugu, a jefa Sila a madadinsu, harshensa kuma a bar masa shi har ranar da za a dawo da kan Nomau, don ya ga abin da taurin kansa bai hana ba. A Dunkasa kuwa kyautar Sarki ba ta komawa, ko Sarkin ne da kansa ba shi da ikon cewa a dawo da ita.

Da aka sauke shi ramin babu kowa. Mutum goma sha ɗaya aka kai zango, don Matiyu ya cika tun jiya, an binne shi a bayan gari. A jikin bango Sila ya tarar da faifan da Rifkatu take saƙawa, saura kaɗan ta gama. Ya ɗauka ya rungume, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba shi da sauti. Bayan nan ya durƙusa ya roƙa mata sauƙin hanya, ya roƙa wa Matiyu hutawa. Da ya zo kan Ranau bakinsa ya yi nauyi, sai da ya yi ta fama kafin sunan ya fito.

Labarin yaƙi daga bakin mai gadi ya riƙa samunsa. Nomau bai jira ba, ya biyo sawun jakada da maharbansa, da asubar ranar kasuwa aka hango su a hayin kogi. Madawaki ya ce ga nama ya kawo kansa, tun da sun sauko daga dutse dawaki za su tattake su. Aka buga tambura, Sarki ya fita da kansa a gaban runduna. Abin da Madawaki ya manta shi ne an kwana biyu ana ruwa a gabas, fadamar kogi ta sha ta ƙoshi, samanta kore shar, ƙarƙashinta taɓo. Dawakin lifidi suka afka a guje suka nutse har ƙirji. Maharban Nomau suka fito daga cikin ciyawar kyauro suka yi ta zuba musu kibau kamar ana sheƙa ruwa. Kafin rana ta take tsaka Madawaki ya faɗi, rabin barade sun tafi, aka janyo Sarki da kibiya a kafaɗa. Dawaki talatin da 'yan kai ne suka koma birni, aka rufe ƙofofi aka danna gungume.

"To ayarin Madugu fa?" in ji Sila, yana ɗaga kai sama.

"Ina zai bi? An rufe ƙofa tun kafin ya ɗaura kaya. Suna nan zango, da raƙumansu da mutanenku. Na ga matarka jiya, tana dama wa sauran kunu a zaune."

Sila ya zauna daɓas. Tana nan, inda in ya ƙwala kira za ta ji. Sai kuma ya gane ɗaya gefen maganar: muddin ƙofa na rufe tana nan, ranar da aka buɗe kuwa ta tafi. Ya rasa abin da zai roƙa. In ya ce Allah ya kawo salama, ya roƙa a tafi da ita ke nan. In ya ce a daɗe a haka, ga kukan yaran birni yana jiyo shi har cikin rami.

Kwana goma sha tara Nomau ya yi yana kewaye da Dunkasa. Rumbuna suka ƙare, aka fara cin dusa. Sau biyu Sarki yana aika jakadu da gishiri, sau biyu Nomau yana mayar da su, ya ce gishirin Ranau ba ya lasuwa sai a bayan harshen Sila, in kuwa an yanke wannan harshen to a shirya wa wuta.

A rana ta ashirin da hantsi aka zuro tsani. Sila ya ɗauka masu wuƙa ne, ya miƙe ya gyara rigarsa. Sai ya ga ƙafa da takalmin sarauta tana laluben matakala. Ranau ne, shi kaɗai, hannu ɗaya a rataye, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Sila ya faɗi ya yi gaisuwa kamar a zaure.

"Tashi, Baba Sila. Nan ba fada ba ce." Rabonsa da kiransa haka tun ranar da aka naɗa shi. Ya zauna a ƙasa ya fito da jakar fata. "Ina so Baffa ya shigo. Zan mayar masa da sarautarsa da ƙasarsa, in nemi gafararsa a gaban jama'a. Babu dogari a zaure. Faɗi abin da kake so in ba ka, ka kai."

"Ranka ya daɗe, ranar nan ma ba ciniki na yi ba. Abu ɗaya zan tambaya. Dube ni." Sarki ya ɗago. Sila ya san idon nan tun yana ɗan shekara uku, ya san yadda yake kaucewa in ya saci zuma. Yau bai kauce ba. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne." Ranau ya lasa gishirin ya miƙa masa, sannan ya ce a hankali, "Ka san in aka buɗe ƙofa ayari zai tashi. Ka kuma san ba ni da ikon karɓe kyauta."

"Na sani. Kwana goma sha tara ba ni da tunanin da ya wuce shi." Ya karɓi jakar da hannu biyu. "Mutanen birni suna mutuwa, kuma Sarki ya aike ni da gaskiya. A ba ni doki."

Hanyar ƙofar arewa ta bakin zango ta bi. Ya hango ta a inuwar bango, igiya a ƙugunta, ta miƙe ƙafar nan. Ita ma ta gan shi, ta ga jakar fata a wuyansa, ta gane. Ba ta kira shi ba. Hannu kawai ta ɗaga ta yi masa alamar ya wuce, irin yadda take yi in ya tsaya jan magana a ƙofar gida alhali ana jiransa a fada.

A sansanin Nomau ya faɗi saƙo, ya ɗauki gishirin ya lasa a gaban kowa. Bai taɓa jin gishiri mai ɗaci kamar wannan ba. Nomau ya dubi hawayen da ke gemunsa, ya karɓa ya lasa. Aka busa ƙaho, maharba suka sassauta baka.

Da rana ta karkata suka nufo birni, Nomau a gaba, Sila a gefensa. Tun daga nesa suka ga ƙofa a buɗe, raƙuma na fitowa ɗaya bayan ɗaya, don Madugu ya ƙosa, ba zai ƙara kwana ba. Sila ya ja linzami ya tsaya a gefen hanya. Ya ce a ransa ko ba komai zai gan ta sau ɗaya, ya gaya wa Madugu ya riƙa ɗora ta a kan kaya in ta gaza. Raƙuma suka yi ta wucewa yana duba bayan kowanne. Da na ƙarshe ya wuce sai ga igiyoyin bayi, amma ba mutane ne a jikinsu ba. Dawaki ne, talatin da 'yan kai, duk abin da ya rage wa Dunkasa, a ƙarshensu kuma ga farin ingarman Sarki ba sirdi.

Nomau ya ce, "Kyauta ba ta komawa, amma ana fansarta. Yaron nan ya ba da dawakinsa duka. Ko ban lasa gishiri ba, yanzu na yarda ba ya nufin yaƙi."

A bakin ƙofa Sarkin Dunkasa yana tsaye da ƙafarsa, abin da ba a taɓa gani ba tun kafuwar birni. Da Nomau ya ga haka sai shi ma ya sauka, ya taka ya nufi ɗan wansa. Sila bai ga yadda suka gaisa ba. Idonsa yana bayan Sarki, inda mutum goma sha ɗaya suke zaune a gindin ganuwa, sawun igiya a jikinsu. Ya sauka da ƙyar, ya je ya durƙusa a gabanta.

Rifkatu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ka rame, Maigida. Buɗe bakin in gani." Ya buɗe. Ta ga harshen yana nan, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Da ta samu kanta sai ta miƙo masa ɗan kaskon nan, an suɗe shi tas. "Man ya ƙare tun kwana shida. Ba zan iya takawa zuwa gida ba."

Ranau ya juyo zai ce a kawo abin hawa, sai ya tuna babu ko ɗaya a bargarsa, har dokin da Sila ya hau an riga an ja shi ya bi ayari, don yana cikin fansa. Ya tsaya, kunya ta rufe shi. Sila ya ce, "Kada Sarki ya damu. Gadon bayan nan ya taɓa ɗaukar wanda ya fi ta rigima." Ya juya ya tsuguna, ta kama wuyansa, ya miƙe da ita a hankali. Jama'a suka dare, suka bi ta gaban tokar ɗakin sujada suka nufi gida, Sarki yana biye da su a ƙasa riƙe da sandarta.